Wanzamin da Ya Ce Duk Ɗaya Ne

Tandabawi, Makka,
bayan saukowa daga Hajjin bana.

Zuwa ga ɗana Anas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a gidan gwaggonka a unguwar Zahir, inda ka ƙaura da jakarka da fushinka. Ka gaishe ta, ka gaida mijinta, ka ce ina godiya da ciyar da kai da suke yi, ko da yake na san cikinka, na kuma san godiya kaɗai ba za ta wadatar ba. Allah Ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, Ya sauke ka Kano lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin hanya da na masu hanya.

Ummanka ce za ta kawo maka wannan. Ita ce ma ta sa ni rubutawa. Da na ce zan zo Zahir da kaina, sai ta ce, "Malam, zauna. Bakinka ne ya ɓata, in ka je da shi ƙarawa zai yi. Ɗauki biro." Shi ya sa ka ga wanzami da rubutu, ka yi haƙuri da hannun.

Jirginka ranar Asabar ne, kuma takardar da aka buga maka ta fita ce ba ta dawowa ba. Ka fi ni sanin ma'anar wannan. Wanda ya fita da irinta ba ya leƙowa gida ranar Juma'a ya ci shinkafa ya koma. Ni kuma gemuna ya yi fari, gwiwata ta fara gardama da matakalar gidan nan. Rabon da ka yi min magana tun ranar da na faɗi abin da na faɗa muna cin abinci. Tsoro nake ji, Anas, in gaya maka gaskiya. Ina tsoron ka hau jirgi alhali waccan maganar ce ta ƙarshe da ka ji daga bakin ubanka.

An ce gidan rediyon da ya ɗauke ka zai fara tura ka wajen zaɓen fid da gwani, inda jam'iyyu ke tsayar da wanda zai nema musu shugabancin ƙasa. To a wannan fannin ubanka tsohon hannu ne. Ban ce na iya ba. Cewa na yi babu ramin da ke kan hanyar da ban faɗa ba, kuma tunda ba ni da gona ko gida da zan ba ka guzuri, bari in nuna maka inda ramukan suke.

Ka tuna shekarar da kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, ya rataya mana talabijin a shago? Nufinsa alhazai su riƙa kallon Harami suna jiran layi. Ni kuwa da ya juya baya sai in mayar da ita tashar labarai. Lokacin Amurka na zaɓen fid da gwani, kuma kowace jam'iyya a cikin manyan biyun ta samu wanda ya hana dattawanta barci. A ɗaya wani attajiri ne, a ɗayar wani dattijo ɗan majalisa. Kullum sai a raba fuskar talabijin biyu, a sa wannan a dama, wancan a hagu, wasu masu ɗaure wuya su zauna suna lissafa kamanninsu. Duk su biyun ƴan tawaye ne, in ji su. Duk manyan jam'iyya ba sa son su. Duk suna cika fili da jama'a, duk suna ɗaga murya, duk suna nuni da yatsa. Ni kuma na ƙara nawa a matsayina na mai sana'a: duk su biyun kansu na neman wanzami ruwa a jallo.

Abin ya yi min daɗi ƙwarai, don ya sauƙaƙa min duniya. Ƙasa mai nisa, siyasa mai wuya, ga shi an naɗe min ita a kalma uku: duk ɗaya ne. Na riƙe kalmar nan na riƙa rabawa duk wanda ya zauna a kujerata. Kuma ka san wanda aska ke kansa ba ya musu. Na ɗauki shirun mutane a matsayin yarda, har na fara jin cewa da an yi min adalci da ni ma ina cikin talabijin ɗin da ɗaurin wuya.

Wata rana bayan Azahar wani bawan Allah ya shigo da ihraminsa, ya gama Umara, saura aski ya fita daga ihrami. Na yi masa Larabci, ya amsa min da Hausar Zariya tsantsa. Ashe a Amurka yake zaune, tasi yake ja, har ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Murna ta kama ni, na ce yau ga ɗan gari ya zo a yi sharhi. Na jiƙa kai, na sa sabuwar reza, na fara daga dama. Na tambaye shi wa yake so, ya ce dattijon.

Na ce, "Alhaji, ai kada ka wahalar da kanka. Naka da wancan attajirin duk ɗaya ne."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Ɗaya ne mana. Kai da kake can ba ka lura ba? Mu nan muna gani." Na shiga jero masa abin da na haddace, ina aski ina nuna talabijin da gwiwar hannu.

Mutumin nan ya kama hannuna mai riƙe da aska, ya sauke shi a hankali. Ya ce, "Malam wanzami, ɗaya yana cewa masu kuɗi ne suka cinye ƙasar. Ɗaya yana cewa baƙi ne suka cinye ta. Ni ba mai kuɗi ba ne. Ni baƙo ne. Ka ce min ɗaya ne?"

Da ina da hankali da nan na yi shiru. Amma na ce, "To ai duk ihu suke."

Ya miƙe tsaye. Dama fes tana ƙyalli, hagu gashi cunkus, kumfa na gangarowa bayan kunne. Ya gyara ihraminsa ya fita titi a haka. Na bi shi da tawul ina "Alhaji, ibada ce fa, dawo a ƙarasa!" Ko waiwaye bai yi ba. Ya faɗa shagon maƙwabcina ɗan Pakistan, wanda ba ya jin Hausa, ba ya kallon labarai, shi ya aske masa hagun. Har yau in mun haɗu a masallaci sai mutumin nan ya shafa rabin kansa ya yi min murmushi.

Kada ka ɗauka na daddara. A makon ne wani ɗan kasuwa mai shigo da motoci ya zauna, ya ce shi attajirin yake so, don mutum ne da ya san ciniki. Na ce a raina wannan zai ji daɗin maganar. Na faɗa masa. Ya ce in na ƙara haɗa gwaninsa da mutumin da ke son ƙwace dukiyar jama'a ya rarraba, zai kai ƙarata wurin kafilina. Shi dai ya bari na gama askin, amma idonsa a rufe, haƙoransa a cije. Ka ga mutum biyu da ba za su taɓa shan shayi tare ba, amma sun haɗu a kan abu guda, cewa wanzamin Tandabawi bai san abin da yake faɗa ba.

Ga shawarata ta farko. In ka ga mutum biyu suna dukan ƙofa ɗaya, kada ka ce tafiyarsu ɗaya. Tambayi kowanne me zai yi in an buɗe masa. A wurin aikinka za a kawo maka su bibbiyu, a ce wane na wannan jam'iyya shi ne wane na waccan, ko a ce wannan yaron shi ne wane na shekarun baya ya dawo. Masu faɗin haka ba lallai maƙaryata ba ne. Gajiya ce da ƙurewar lokaci, kuma kamanni ya fi bambanci saurin faɗa. Amma mai saurarenka yana da abin da zai rasa, kai kuma da ka gama magana gida za ka tafi. In kuwa dole sai ka kwatanta, to kada ka yi wa wanda askarka ke kansa.

Da a ce abin ya tsaya a Amurka da sauƙi, don Amurka ba ta san ina yi ba. Sai na kawo shi unguwa.

Ka san ƙungiyar zumuncinmu ta unguwa, wadda kowace shekara take karɓar aikin dafa wa alhazai abinci a Arfa, shugabanta kuma shi ke zaɓen waɗanda za su shiga ayarin girki. Alhaji Sanda ya riƙe shugabancin tun kana rarrafe. Mutumin kirki ne, amma ya kai matsayin da in ana taro sai a tashe shi ya rufe da addu'a. Masu son canji suka ce bana sai an yi zaɓe, kuma don kada ƙuri'arsu ta rabu, za su fara fid da mutum ɗaya a tsakaninsu wanda zai kara da shi. Mutum biyu suka fito: Malam Habu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da Ɗanladi direban bas. Kana makaranta a Madina lokacin, abin da ka ji kaɗan ne, kuma Ummanka ta ce in gaya maka da kaina ba tare da na rage ba.

Da na ji an ce fid da gwani, jikina har rawa yake. Ga abin da na ƙware a kai ya biyo ni har gida. Muna da zaure a waya na ƴan unguwa, inda ake sanar da rasuwa da suna da wanda iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. Na shiga bayan shago, na gyara murya, na ɗauki saƙo mai tsawo. Har suna na ba shi, Sharhin Wanzami. Na ce jama'a, ku kwantar da hankalinku, na nazarci ƴan takarar nan biyu yadda ake yi a manyan tashoshi. Duk su biyun ƴan tawaye ne. Duk sun gaji da Alhaji Sanda. Duk in suna magana a Tandabawi ana ji a Zahir. Duk suna karkata hula hagu. Na rufe da cewa Habu da Ɗanladi duk ɗaya ne, wanda kuka ɗauka kun ɗauki ɗayan.

Saƙon ya zaga. Aka riƙa tsayar da ni a hanya ana cewa, "Malam Sale, ashe haka kake?" Wani ma ya ce in riƙa yi duk mako. Na fara tafiya a hankali, hannu a baya.

Washegari Malam Habu ya zo shago. Bai zauna ba. Ya ce, "Malam Sale, na ji sharhi. Tambaya ɗaya gare ni. Ka taɓa tambayata abin da nake so in yi?"

Na ce, "Haba Malam Habu, mutumin da nake jin muryarsa tun daga bakin titi, me kuma zan tambaya?"

Ya dube ni, ya ce, "Tayyib. Allah Ya ba da sa'a." Ya fita.

Ranar zaɓe aka taru a saman benen Alhaji Sanda bayan La'asar, don ko masu yi masa tawaye ba su da wani wurin taro sai gidansa, kuma shi ya ba da shayi. Mutane suka ce tunda wanzami ya ce ɗaya ne, a ɗauki wanda ya fi murya, shi zai iya da dattawa. Ɗanladi kuwa shekara da shekaru yana kiran fasinja, wa zai kara da shi? Aka ɗaga masa hannu, har da nawa. Bayan mako ya kayar da Alhaji Sanda, wanda na ga alamar ya fi kowa farin ciki.

Sai daga baya na san abin da kowannensu yake ta ihu a kai. Malam Habu so yake a raba masu girki kashi-kashi, ana karɓar juna a bakin tukunya, don kowa ya samu ɗan lokaci kafin faɗuwar rana ya ɗaga hannu ya roƙi Allah. Ya ce akwai matan da suka yi shekaru suna zuwa Arfa, ba su taɓa ganin komai a can ba sai shinkafa. Ɗanladi kuwa so yake aikin ya zama na ƴan Najeriya zalla, ƴan Nijar su nemi nasu. Kuma bai ɓoye ba. A gabana ya sha faɗin haka, a kujerata ma. Ni ƙarar nake ji, ban taɓa sauraron kalmomin ba.

Anas, ka san daga ina Ummanka take. Maraɗi. Ita ce kuma ke riƙe da babbar tukunyar tuwo tun kafin a haife ka.

Ranar da aka gaya mata bana babu ita, na dawo gida ina shirin guguwa. Ta yi min sannu da zuwa, ta shimfiɗa leda, ta ajiye min tamis da ful, gurasa da dafaffen wake, daga wurin mai tanderun bakin layi. Na ce a raina yau ta gaji ne. Da safe tamis da ful. Da rana tamis da ful. Da aka kwana biyu na yi ƙarfin hali na ce, "Hajiya, tuwo fa?"

Ta ce, "Malam, ai na saurari sharhi. Tuwo da tamis duk gari ne, duk da wuta ake yi, duk da hannu ake ci, duk ciki suke tafiya. Duk ɗaya ne. Wanda ka ɗauka ka ɗauki ɗayan."

Haka na yi ta cin wake har mai tanderun ya fara tambayata ko iyali sun yi tafiya. Amma ba yunwar tuwo ce ta fi damuna ba. Ranar Arfa ta waccan shekarar na gan ta zaune a gaban talabijin tana kallon filin, hannunta a cinya, ba abin da za ta tuƙa. Ba ta yi kuka ba, ni ne na shiga banɗaki na daɗe. Bana sun dawo da ita, bayan alhazan bara sun yi ƙorafin gudaji a tuwo, Ɗanladi ya zo har gida ya durƙusa. Saƙon nawa kuwa yana nan a wayarta. Duk ranar da na fara sharhi a gida sai ta kunna shi ta ajiye kusa da farantina.

Shawara ta biyu ke nan. Maganar da za ka faɗa a bakin makirufo ba a iska take tsayawa ba, a kicin ɗin wani take sauka, wani lokaci naka. Duk ɗan takarar da ya ce ya zo ya rushe tsohon tsari, ka ce masa madalla, sannan ka tambaye shi: in ka ci, wa za a cire daga ayari? Ka tambaye shi da bakinka, ka jira amsa, ko da kana ganin ka riga ka sani. Musamman ma in kana ganin ka riga ka sani. Kuma in mutum ya zo har inda kake ya ce ba ka tambaye shi ba, ka ba shi kujera.

Akwai ƙananan abubuwa kuma, kafin in manta. A Kano za su ce maka ɗan Makka, su haɗa ka kwando ɗaya da duk wanda ya taɓa dawowa da jallabiya da turare. Kada ka ji haushi, ka ga yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren. Ka rage Larabcin nan na "halas" da "yalla" in kana kan iska, kada tsofaffi a ƙauye su ɗauka sun kamo wata tashar. Kada ka ci abincin ɗan takara kana yunwa, ci naka kafin ka fita. Ka je Bichi ka gaida baffanka Idi, zai ce maka kamarmu ɗaya da shi, kada ka yarda, na fi shi hanci. Ka riƙe sallah a kan lokaci, don can ba za a rufe kasuwa a tuna maka ba.

Yanzu saura ramin da ya fi zurfi, wanda kai ka ga faɗawata a ciki da idonka.

Yayanka Faisal ya ajiye aska ya tafi Jidda gyaran waya, ka san yadda muka rabu. Na yanke hukunci a raina cewa kunyar sana'ata yake ji. Yaron da aka haifa a Makka, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, ba ya son abokansa su ce ubansa wanzami ne. Ban tambaye shi ba. Na dai rage kiransa, shi ma ya rage zuwa.

Sai ga ka ranar nan, muna cin abinci, ka ce gidan rediyo a Kano ya ɗauke ka, kuma ka riga ka amsa. Wallahi abin da na ji a ƙirjina tsoro ne, amma abin da ya fito daga bakina sharhi ne. Na raba fuskar talabijin biyu a cikin kaina, na sa ka a dama, na sa yayanka a hagu. Ka tuna har yatsu na riƙa lanƙwasawa? Duk kun ƙi aska. Duk kun yanke shawara ba ku tambaye ni ba. Duk kun raina gidan da ya rene ku. Na ce, "Wani ɗan tawayen! Kai da yayanka duk ɗaya ne."

Ka ajiye cokali. Ka ce da Larabcinka, "Tayyib, Abuya. Halas, shi ke nan." Ka tashi ka haɗa jaka. Irin kallon da Malam Habu ya yi min, shi ka yi min, kuma ko a lokacin na gane shi.

Ummanka ta bari ƙofa ta rufu, sannan ta ce, "An gama shirin? Ko akwai labarin wasanni?"

Na ce, "Hajiya, ba lokacin wasa ba ne."

Ta ce, "To zauna in ba ka labaran da tasharka ba ta kawowa."

Ita ta gaya min Faisal ba kunyar aska yake ji ba, tsoronta yake ji. Tun ranar da ya yanki kunnen wani tsohon Baturke yana koyo, jini ya ɓata ihrami, hannunsa ke rawa in ya riƙe reza. Ya kasa gaya min don kullum ina cika baki cewa a zuriyarmu ba a taɓa yin wanzami mai rawar hannu ba. Kuma a shagonsa na Jidda, in ji ta, hotona ne a bango, ina riƙe da aska.

Kai kuma, ta ce, duk hawan da kake yi saman bene da rana tsaka, wanda na ɗauka waya kake da wata yarinya, labarai kake karanta wa tankin ruwa da Hausa, kana gyara harshenka. Ta ce tun kana ƙarami kake zama a shago kana jin yadda nake juya wa tsofaffin unguwa labaran Larabci zuwa Hausa, kana ganin yadda suke matsowa da kujerunsu. Ta ce, "Shi Faisal hannunka ya gudar wa. Wannan kuwa bakinka ya gada, Allah Ya sa ya fi ka amfani da shi. Yaron nan ba guje maka yake ba, Malam. Sana'arka ta biyu ya ɗauka, wadda ba a biyanka."



Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a duk Makka babu wanda ya kai ni sanin cewa ku biyun ba ɗaya ba ne. In ka tsaya a bakin shago ka dubi alhazai bayan aski, kowa da farin ihrami, kowa kai fes, sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Daga bakin ƙofa ke nan. Wanda ya ɗora hannu ya san babu kai biyu iri ɗaya. Ni na yi muku askin suna, kai da yayanka, da hannun nan. Nasa kan shafaffe ne ta ƙeya, ya yi barcinsa har na gama. Kai kuwa gashinka wuri biyu yake juyawa a tsakar kai, sai an bi shi ta hanyarsa, kuma ka tsala ihu tun daga bisimilla har maƙwabta suka leƙo. Akwai tabo bayan kunnenka na hagu, na ranar da ka faɗo daga matakala kana bin mage. Ko an ɗaure min ido aka zaunar da ku, hannuna ba zai taɓa rikita ku ba. Bakina ne ya koyi aikin talabijin.

Na yi kuskure, Anas. Ka yafe min. Ba na son tafiyarka, wannan gaskiya ne, kuma ba zan fasa rashin so ba don na rubuta takarda. Amma na sa maka albarka, na kuma yi alfahari da kai, har na gaya wa ɗan Pakistan da hannu da ka, ban san abin da ya fahimta ba. Faisal kuma na kira shi jiya. Da muka gaisa sai ya tambaye ni ko wayar tawa tana kama caji. Zai zo ranar Alhamis.

Ka san al'adar gidan nan, ba wanda ke tafiya mai nisa sai ya zauna a kujerata. Haka ubana ya yi min a Bichi kafin in taho, haka na yi maka da za ka Madina. Ranar Alhamis bayan La'asar zan sauke ƙofar shago rabi, in sallami kowa. Talabijin za ta kasance a kashe, Ummanka ta ce za ta riƙe abin kunnawar a jakarta. Zan sa sabuwar reza. Tambaya ɗaya zan yi maka, wadda ban yi wa Bazazzagin nan ba, ban yi wa Malam Habu ba, ban yi wa yayanka ba: me kake so ka yi? Daga nan zan rufe bakina, kai ka yi magana, ni in yi aski, har in gama dama da hagu. Na taɓa barin mutum ya fita daga hannuna da rabin aski, wani ya ƙarasa masa. Kai ba na son wani ya ƙarasa min naka.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya sa harshenka ya zama sanyi ga masu saurare, Ya ba ka kunne kafin baki. Ya kare ka daga sharrin masu mulki da masu neman mulki da masu yi musu sharhi. Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya sa muna da rabon sake ganawa a inuwar Ɗakinsa. Kafin duk wannan kuma, Ya kawo min kai ranar Alhamis. Ummanka tana gaishe ka, ta ce za ta tuƙa tuwo, kuma ko ni za a ba ni in ka zo.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale Wanzam